Baba Udo Ya Tafi Ƙauye

Ranar ashirin da uku ga Disamba da hantsi, Virginia ta faɗa ɗakin surukinta ko sallama babu. Ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙugu, tana ƙare wa ɗakin kallo kamar dillaliyar da aka kira ta yi wa kaya kuɗi.

"Papa, yau za ka ɗan koma baya," ta ce. "Anti Ugochinyere da mijinta Cif suna hanya daga Abuja. A nan za su yi Kirsimeti."

Baba Udochukwu, wanda duk Tudun Wada ke kira Baba Udo, yana zaune a bakin gado yana kokawa da maɓallin riga da hannu ɗaya. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Magana tana fita amma a hankali, tafiya kuwa sai ya kama wata kujerar katako yana tura ta a gabansa, taku ɗaya, turi ɗaya. Da kuɗin taya ya gina gidan, shekara hamsin yana sayar da ita a Zariya, kuma ɗakinsa ne kaɗai mai banɗaki a ciki.

"Baya ina?" ya tambaya.

"Sito. Na share shi tas."

Sai ga ɗansa Okey ya leƙo yana sosa ƙeya. Haihuwar Tudun Wada ne, Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen iyayensa, kuma da ita yake lallashi idan yana neman abu.

"Papa, kwana uku ne kacal. Baƙo raɓa ne. Ka san Cif yana da motocin haya sun fi arba'in. In ya ce daga shagona za a riƙa ɗaukar kayan gyara, ai kakarmu ta yanke saƙa. Kai ma ka huta."

"Shi Cif ɗin ya san ɗakina ne za a ba shi?"

Okey ya dubi matarsa. Matar ta dubi silin.

"To ai nan gizo ke saƙar," in ji Virginia. "Cif mutum ne mai riƙo da al'ada. In ya ji an ta da tsoho dominsa, otal zai wuce, shi ke nan mun yi asara. Shi ya sa muka ce musu ka tafi ƙauye bikin Kirsimeti."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa. Okey ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"To," in ji Baba Udo. Abin da ya ce ke nan.

Kafin azahar ɗakin ya zama na amare. Virginia ta ga yadda ake tarbar baƙi a waya, ta kuma rantse ba za ta bar ko ɗaya ba. Sabon zanen gado, sabon labule, tawul biyu an naɗe an ɗaure da kirtani ja, silifa biyu a bakin gado, ɗan kwando cike da sabulu da man shafawa, fulas na ruwan zafi, gidan sauro mai leshi. Gwangwani biyu na turare ta fesa don ta kashe abin da ta kira warin tsufa. Hoton marigayiya matar Baba Udo da ke bango ta cire ta tura ƙarƙashin gado, ta rataye agogo a wurin.

Katifar tsohon, wadda likita ya ce a saya masa saboda bayansa, ita aka bar wa baƙi. Shi aka shimfiɗa masa tabarma da bargo tsakanin buhun shinkafa da tsofaffin tayoyi. Aka ajiye masa bokiti a lungu. Wayarsa Virginia ta karɓe ta kashe.

"In ta yi ƙara a sito fa? Mutumin da ke ƙauye?"

Allon dararsa ma ta ɗauke ta kai falo, wai za a yi wasannin iyali. Allon da shi da maƙwabcinsa Malam Mahmudu tela suka shekara talatin suna bugawa kullum bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Duk layin an san su, an kuma san ɗabi'ar Baba Udo. Idan Malam Mahmudu ya daɗe yana tunani, sai ya ɗauki ɗan dara ya ƙwanƙwasa allo sau biyu, ƙwas ƙwas, ma'ana wasanka ne, kada ka kwana a nan. Virginia ba ta lura ba cewa ɗa ɗaya cikin 'ya'yan darar yana aljihun tsohon.

Baƙi suka iso da yamma cikin wata baƙar jif da ta toshe rabin layi. Daga sito Baba Udo yana jin guɗa da tafi da jan akwatuna. Ya ji Cif yana tambaya da babbar murya, "Ina Baba?" Ya ji ɗan cikinsa ya amsa ba ko gargada, "Ai ya tafi gida, Cif. Ya ce yana kewar 'yan'uwa."

Da magariba Okey ya saɗaɗo da kwanon abinci kamar ɓarawo.

"Maganina," in ji tsohon. "Yana durowar gado."

Okey ya dafe kai. Ya je ya dawo da Virginia.

"Papa, kai ma ka duba," ta ce cikin raɗa. "In shiga ɗakin baƙi in buɗe durowa a gabansu in ɗauko maganin wanda ya yi tafiya? Wa ke tafiya ya bar maganinsa? Kwana ɗaya ba ya kisa."

"Gobe zan sayo wani a kemis," in ji Okey.

Bai sayo ba. Ko sunan maganin bai sani ba.

Washegari, jajibirin Kirsimeti, Malam Mahmudu ya yi sallama da sassafe da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Al'adar gidan ce tun Okey yana rarrafe: Baba Udo ba ya yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa, sai ya kira Malam Mahmudu ya yanka, domin idan an dafa an rarraba, kowane gidan Musulmi a layin ya ci da kwanciyar hankali. Gida goma sha ɗaya ake kai wa. Da Sallah su ma kwanukansu ke cika tsakar gidan Baba Udo.

Okey ya jawo bunsurun. Malam Mahmudu ya waiga hagu da dama.

"Ina mutumin nawa? Jiya na zauna a gindin bishiya har aka kira magariba, ko ƙeyarsa. Ko tsoron kashin da na ba shi shekaranjiya ne?"

"Baba, ai Papa ya tafi ƙauye."

Tsohon tela ya tsaya da warware tsumman.

"Ƙauye? Udo? Da wace ƙafar?"

"Mota aka turo. Da asuba suka tashi."

"Bai yi min sallama ba?"

"Abin ne ya zo da gaggawa, Baba. Ya ce a gaishe ka."

Sito bai fi taku goma daga inda suke ba. Baba Udo ya ji muryar amininsa, ya ji ƙaryar. Ya buɗe baki ya ce, "Mahmudu." Muryar ba ta da ƙarfi, amma Virginia da ke wanke tukunya kusa da ƙofar ta ji. Nan take ta miƙa hannu ta ƙure rediyo, waƙar Kirsimeti ta cika gidan.

Malam Mahmudu ya yi bismilla ya yanka, ya wanke wuƙarsa, ya ƙi tsayawa shan shayi. A gida ya ce wa matarsa, "Ishatu, shekara arba'in ko Kaduna Udo zai je sai ya leƙo ya ce min ya tafi. Na kira wayarsa, a kashe."

"Wataƙila babu sabis a garin nasu," in ji Inna Ishatu.

"Wataƙila," ya ce. Amma ranar ko zare bai iya zurawa a allura ba.

Tun da Malam Mahmudu ya fita daga gidan Baba Udo, Virginia ta nemo kwaɗo ta datse ƙofar sito.

"Haba, har da kwaɗo?" in ji Okey.

"Don mutuncinsa na yi. Ka so Anti ta buɗe neman albasa ta gan shi a ƙasa da bokiti? Kuma ka ji ɗazu ya fara kiran mutane. Tsufa ne, ba ya sanin abin da yake yi."

Okey ya gyaɗa kai. Irin mazan nan ne da ke gyaɗa kai su ɗauka sun yi magana.

Da yamma aka ɗauke wuta, aka ta da janareta. Ba a yi minti biyar ba Ugochinyere ta fito tana fifita da hannu, zobba a kowane yatsa.

"Virginia, wannan injin naku a ƙarƙashin tagarmu kuka ajiye? Cif ba ya son hayaniya, ni kuma hayaƙi yana ta da min ciwon kai."

"Yi haƙuri, Anti! Okey! Okey!"

Okey ya zo da gudu ya ja injin zuwa bayan gida, inda baƙi ba za su ji ba. Ya ajiye shi daidai ƙarƙashin 'yar tagar sito, bakin salansa mai fitar da hayaƙi yana kallon bango. Ya goge hannu ya koma falo, Cif yana ba da labarin yadda ya sayi fili a Abuja, shi kuma yana dariya tun kafin a zo wurin dariyar.

Ranar Kirsimeti da safe Okey ya buɗe sito cikin sabon leshi, anko da matarsa, da kofin shayi a hannu. Ya tarar da uban a kwance, idanu sun yi ja, bokiti ya kife.

"Kaina," in ji Baba Udo. "Hayaƙi. Kamar ana sara min kai."

"Sanyi ne, Papa. Ka sha shayi zai sake ka. Ka ga an kawo wuta ma, an kashe injin."

"Maganina."

"Daga coci zan biya."

"Okey." Tsohon ya kama bakin rigarsa da hannun da ke aiki. "Ka fitar da ni. Ka kai ni wurin Mahmudu, in zauna a zaurensa. Ba wanda zai gan ni."

"Papa, so kake unguwa ta ji? Saura kwana ɗaya fa. Ka daure, don Allah. Cif ya fara sakin jiki, jiya har ya tambaye ni kuɗin birki." Ya zame rigarsa a hankali, ya duba ko ta yamutse. "Barka da Kirsimeti, Papa."

Kwaɗo ya yi ƙaras.

A coci Okey ya fi kowa ɗaga murya a waƙa. Da aka ce a yi wa iyaye tsofaffi addu'a, Virginia har da share ƙwalla. Daga can suka kwaso wasu abokai mata da miji daga unguwar Hanwa, aka dawo gida aka baje. Shinkafa, farfesun kayan ciki, soyayyen nama, lemo a cikin ƙanƙara. Ba a aika wa maƙwabta ba tukuna, wai sai manyan baƙi sun ƙoshi. Kwanon da aka zuba wa Baba Udo yana kan firji a rufe, kowa cikin su biyun yana zaton ɗayan ya kai.

Wajen ƙarfe biyu wuta ta sake tafiya. Aka ta da injin, domin fanka da sifika.

Sai wasanni. Virginia ta tsara su a takarda, har da kyaututtuka a naɗe. Aka yi ludo, aka yi karta. Aka kawo allon dara, Cif ya zauna da Okey.

"Ɗa ɗaya ya ɓata," in ji Cif yana ƙirgawa. "Wane irin gida ne wannan, dara ba ta cika ba?"

Aka cike da murfin kwalba. Okey, wanda uban ya koya wa dara tun yana ɗan shekara shida, ya bari Cif ya cinye shi sau uku a jere, yana tafi yana cewa, "Kai, Cif! Wannan ƙwaƙwalwa ba irin tamu ba ce!"

Na ƙarshe shi ne wasan kujeru. A jera kujeru a tsakar gida, a saki kiɗa, a yi ta zagayawa, kiɗa na tsayawa kowa ya nemi wurin zama, wanda ya rasa ya fita. Aka jera na roba, aka ga saura ɗaya ake buƙata.

"Ina zuwa," in ji Virginia.

Ta zaga baya, ta buɗe kwaɗo. Hayaƙin da ya tarbe ta sai da ta toshe hanci da gefen gyale. Tsohon yana kwance a tabarma, hannunsa a kan ƙafar kujerarsa, da alama ya yi ta ƙoƙarin tashi.

"Papa, aron kujera. Minti goma."

"Ruwa," ya ce.

"Yanzun nan."

Ta janye kujerar daga hannunsa, ta fita, ta mayar da kwaɗo. A hanya ta goge kujerar da tsumma, kada ta ɓata wa wani leshi.

Baba Udo ya bi ƙofar da kallo. In babu kujerar nan ba shi da ƙafa, kuma kowa a gidan ya san haka. Ya yunƙura ya koma. Tayoyin da ke jingine suka fara juyawa a idonsa. Kiɗa yana dukan ƙasa, injin yana dukan bango, dariyar Ugochinyere tana ratsa duka biyun. Ya kira sunan ɗansa, shi kansa bai ji muryarsa ba.

Sai ya tuna bangon da ke bayansa. Shi ya sa aka gina shi, ya san abin da ke ɗaya gefen: makwararar gidan Malam Mahmudu, inda yake alwala. Daga nesa ya ji an fara kiran la'asar.

Ya ja jiki da gwiwar hannu ɗaya. Taku biyu ne tsakaninsa da bangon, amma sai da ya huta sau uku. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan darar.

Malam Mahmudu yana tsugune da buta, ya wanke fuska ya kai ga hannu, sai ya ji.

Ƙwas ƙwas.

Ya tsaya. Ɓera ba ya ƙirga biyu ya huta.

Ƙwas ƙwas.

Butar ta suɓuce. Ya manna kunne a bango. "Udo? Udo, kai ne?"

Ƙwas. Na biyun bai zo ba.

"Inna lillahi! Ishatu! Kira min Nagoda, ki ce ya zo da guduma! Ki ce wa Sabo ya kawo keke napep ɗinsa ƙofar gida!"

Ba takalmi ya fita. Nagoda mai walda ya tsallako daga shagonsa, suka shiga gidan ta ƙofar baya. Hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofar sito. Nagoda bai tambayi kowa ba, ya kai hannu ya kashe injin.

Kiɗa ya tsaya cak.

A tsakar gida aka ɗauka wasa ne. Manya da furfurarsu suka ruga, ana ture juna ana ihu. Matar nan ta Hanwa ta faɗi da ɗaurin kanta. Cif ya bangaje Okey da tumbi ya faɗa kan kujerar katako, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na samu! Na samu! A kawo kyauta!"

Sai aka ji guduma. Ɗaya, biyu, kwaɗo ya faɗi.

Nagoda ya fito ta lungu da Baba Udo a kafaɗa kamar buhun da ba a cika ba, wando a jiƙe, kai yana lilo, hannun dama a dunƙule. Malam Mahmudu na biye, ruwan alwala bai bushe a fuskarsa ba. 

"Wane ne wannan?" in ji Ugochinyere.

"Mai gidan ne, Madam," in ji Malam Mahmudu. "Yanzu ya dawo daga ƙauye." Ya juya ga Cif. "Ranka ya daɗe, in ka gama cin gasar, kujerar da kake kai ita ce ƙafafunsa."

Cif ya miƙe kamar ya zauna a kan garwashi.

Okey ya matso. "Baba, ba yadda kake zato ba ne. Shi ya ce yana son wuri mai shiru. Wallahi da yardarsa..."

"Matsa, Okey. Ni na yanka ragon sunanka. Kada ka sa in faɗi abin da zan yi nadama."

Virginia ta fashe da kuka, ba don tsohon ba. "A gaban baƙi! Ba za ku iya bi ta baya ba? Sai kun tona mana asiri a gaban baƙi?"

Ita kuwa Ugochinyere wani abu ne ya faɗo mata. Ta dafe ƙirji. "Tsaya. Virginia, katifar da na kwana biyu a kai, ta wannan mara lafiyar ce? Kika shimfiɗa min katifar mai fitsarin kwance?"

Abin da ya dame ta ke nan.

Sabo ya ja keke, Malam Mahmudu ya rungume amininsa a baya, Nagoda ya maƙale a gefe. Okey ya biyo su har bakin ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje, sai ya ji Cif yana cewa a fito masa da akwatuna. Ya tsaya, ya dubi keken da ke shan kwana, ya dubi jif. Ya koma ciki.

A asibiti likita ya ce da an ƙara rabin sa'a, da gawa za a ɗauko. Hayaƙi ya yi nasa, jinin da ya kwana biyu ba magani ya yi nasa. Rai ya tsaya, amma 'yar maganar da ta rage wa Baba Udo ta tafi. Da ma'aikaciyar jinya ta buɗe dunƙulallen hannunsa don ta sa ruwa, ɗan dara ta gani.

Kafin magariba labari ya gama layin. Virginia ta san haka, ta kuma san maganinsa, a ganinta. Ta fito da kwanuka goma sha ɗaya, ta cika su da shinkafa, ta jibga nama ninki biyu na kowace shekara. Ita da ba ta taɓa kai abincin da ƙafarta ba, ranar gida gida ta bi tana murmushi.

"Inna, ga na Kirsimeti. A yi haƙuri an makara."

"An gode, Madam," in ji Inna Ishatu, ta karɓa hannu biyu.

Haka kowane gida. Ba wanda ya ɗaga mata murya, ba wanda ya tambaye ta komai. Ta dawo tana ce wa mijinta, "Ka gani? Ciki ba ya gaba da nama. Zuwa jibi sun manta."

Da safe Okey ya buɗe ƙofa zai taya direban Cif loda kaya, domin Cif ya kwana a otal, sauran akwatunan kawai aka dawo ɗauka. Ya yi turus. Kwanuka goma sha ɗaya a jere a bakin ƙofar, kowanne da murfinsa. Ya buɗe na farko. Shinkafa da nama, ko cokali ba a sa ba. Na biyu haka. Har na sha ɗaya. Shekara arba'in kwanukan gidan nan suna dawowa a wanke, da ɗan tukwicin goro ko dabino a ciki. Matan layin suna tsaye a ƙofofinsu suna shara, ba wadda ta kalle shi.

Cif yana cikin jif, gilashi a rufe. Okey ya tsallake kwanukan ya ƙwanƙwasa.

"Cif, maganar kayan gyaran nan fa..."

Gilashin ya sauka kaɗan. "Wanda ya kulle ubansa a sito, ni zan ba shi birkin motocina?" Gilashin ya hau. Ba wai tausayin tsohon ne ya kama Cif ba. Haushinsa an gan shi a kan kujera yana ihu.

Kwana huɗu Baba Udo ya yi a asibiti. Okey ya leƙa sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa da ledar lemo, ya ce shago ba kowa. Da aka sallame shi, Malam Mahmudu ya wuce da shi gidansa, ya fitar da keken ɗinkinsa daga ɗakin zaure ya sa gado. Nagoda ya je ya karɓo kujerar katako da allon dara, bai ce don Allah ba.

Ana gobe sabuwar shekara Okey ya yi sallama a ƙofar Malam Mahmudu bayan la'asar. Dattawan coci sun aiko cewa za su zo gobe duba mara lafiya, kuma ba zai yi kyau su same shi a gidan maƙwabta ba. Virginia har ta mayar da hoton marigayiya bango.

Malam Mahmudu ya fito yana gyara hula.

"Baba, na zo in tafi da Papa. An gyara masa ɗakinsa. Abin da ya faru sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan ne ya sayo kwaɗon?"

Okey ya sosa ƙeya.

"Jira. Ba ni zan yanke ba, yana da hankalinsa."

Tela ya shiga. Okey yana jin muryarsa ƙasa ƙasa yana bayani. Ya leƙa ta gefen labule, ya hango uban a zaune a kujerarsa, an yi masa aski, allon dara a gabansa. Tsohon ya ɗago, suka haɗa ido. Ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da ya yi masa ranar da aka ce ya koma sito. Sannan ya girgiza kai sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan allo.

Malam Mahmudu ya fito ya saki labulen a bayansa.

"To, Baba? Ya shirya?"

"Wa?"

"Papa mana."

"Okey, ai babanka ya tafi ƙauye. Da bakinka ka faɗa min, ina riƙe da wuƙa, kana riƙe da bunsuru. Ka je ka faɗa wa dattawan naku haka. Ka iya faɗinta, ko gargada ba ka yi."

 Daga cikin ɗakin aka ji katako ya taɓa katako.

Ƙwas ƙwas.

"Ka ji shi ko? Ba ya son jira," in ji Malam Mahmudu. Ya juya ya ɗaga murya. "Ina zuwa, Udo! Na san wasana ne!"

Ya shige ya ja ƙofa. Bai sa kwaɗo ba.